Tarihin Likita Bisha Da Shimfiɗar Da Ke Cikin Jiki

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da sauran masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani likita Bafaranshe wanda ya rasu tun shekara ta 1802. Amma kafin in kai ga mutumin sai mu fara da wata kalma ɗaya, gama ita ce dalilin rubutun. A cikin littattafan ilimin halitta da mu ke karantawa akwai kalmar nan sitiroma, wadda ɗalibi kan haddace domin jarrabawa, in an fita ya mance da ita. Asalin kalmar daga Helenanci ne, watau harshen mutanen Girka, ma'anarta kuwa shimfiɗa, irin wadda a kan yi a kan gado a kwanta. Masana suka are ta, suka raɗa wa wani abu da ke cikin kowace gaɓa ta jiki, abin da ke riƙe da gaɓar, ya ba ta siffarta, ya kuma buɗe wa jini hanyar shiga cikinta.

Mu ɗauki hanta misali. Ta kasu kashi biyu. Akwai ƙwayoyin da ke yin ainihin aikin hanta, su tace jini, su yi ruwan matsarmama, su ajiye abinci don gaba. Waɗannan su a ke kira farankima. Akwai kuma siraran zaruruwa da tantani da jijiyoyin jini waɗanda suka ratsa hantar ko'ina, suka tallafe ƙwayoyin nan kamar yadda tsaiko ke ɗauke da ciyawar jinka, ko azara ke ɗauke da ƙasar soro. Wannan ita ce sitiroma. Mu da ke zaune a Agege ba mu da hujjar cewa ba mu taɓa ganinta ba. Tun da aka haɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano a 1912, Hausawa ke ta ƙaruwa a nan sabo da cinikin goro da na shanu, ga kuma babbar mayanka a Oko-Oba. Duk mahaucin da ya zauna yana ɗaye farin tantanin nan daga jikin tsoka kafin ya yanka ta don tsire ko kilishi, da dangin sitiroma ya ke fama, ko da ya ke bai san ta da wannan suna ba.

Mutumin da na ke nufi sunansa Zabiye Bisha, Faransawa su kan rubuta shi Xavier Bichat. An haife shi ran 14 ga Nuwamba, 1771, a wani ɗan ƙauye mai suna Thoirette, cikin duwatsun Jura, gabashin Faransa. Don mu gane zamanin, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ɗan shekara 16 sa'ad da aka haife shi. Ubansa likita ne, ya yi karatu a birnin Montpellier, inda akwai tsohuwar makarantar likitoci mai suna ƙwarai, shi ne kuma ya fara koya masa yadda jikin mutum ya ke. Bisha shi ne babba cikin 'ya'ya huɗu. Ya yi makaranta a garin Nantua, daga nan aka kai shi birnin Liyon. A shekara ta 1791 ya shiga koyon aikin fiɗa a babban asibitin Liyon, a hannun wani gwanin likitan fiɗa mai suna Marc-Antoine Petit.

To, lokacin nan ƙasar Faransa ba ta zaune lafiya. Tun 1789 talakawa suka yi wa sarauta bore, a watan Janairu na 1793 aka fille wa Sarki Luwi na 16 kai, ƙasa ta rikice. Mutanen Liyon suka ƙi bin sabuwar gwamnatin Faris, sai aka aiko da mayaƙa suka kewaye birnin tun daga watan Agusta har zuwa Oktoba na shekarar, aka ci shi, aka kashe mutane da yawa. Karatun Bisha ya tsaya. Aka sa shi aikin fiɗa a asibitin soja, yana ɗaurin raunuka yana ɗora karaya, alhali bai wuce shekara 22 ba. Da ya sami sarari sai ya nufi Faris, gama ya ji labarin wani malami a can wanda babu kamarsa a aikin fiɗa duk ƙasar.

Wannan malami shi ne Deso, ana rubuta sunansa Desault, shugaban likitocin fiɗa na asibitin Otel-Diye, watau masaukin Allah, asibiti mafi daɗewa a Faris, a kan wani tsibiri cikin kogin Sen. Deso yana da wata al'ada mai kyau wadda ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu lura da ita. Kowace rana a kan sa ɗalibi ɗaya ya rubuta taƙaitaccen bayanin darasin da aka yi, kashegari ya karanta a gaban 'yan'uwansa. Ran nan aka yi darasi mai tsawo a kan karayar ƙashin nan da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, gari ya waye, wanda aka ɗora wa aikin bai zo ba. Sai Bisha, baƙo wanda ba a san shi ba, ya miƙe ya karanta nasa. Bayaninsa ya fito a tsare, babu abin da ya tsallake, har labari ya kai kunnen Deso. Malamin ya sa aka kira masa shi, ya jarraba shi, ya ga lalle akwai kai a nan. Ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, yana tafiya da shi wurin majinyata, yana sa shi binciken littattafai. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, amma fa sai an sami mai idon ganewa.

Zaman nan bai daɗe ba. Ran 1 ga Yuni, 1795, Deso ya rasu farat ɗaya. A nan ne halin Bisha ya bayyana. Maimakon ya shiga neman suna don kansa, sai ya fara da biyan alherin da aka yi masa. Ya ƙarasa juzu'i na huɗu na mujallar aikin fiɗa wadda Deso ke bugawa, ya tattara koyarwar malaminsa ya shirya ta littafi da sunan malamin, aka buga a 1798 da 1799. Ya ci gaba da zama a gidan, bai yar da matar marigayin ba. A 1796 shi da waɗansu samarin likitoci suka kafa wata ƙungiya inda su ke taruwa kowa ya kawo abin da ya bincika a tattauna. A 1797 ya buɗe ajinsa na kansa a wani ɗan ɗaki, yana koyar da yadda jiki ya ke da yadda ya ke aiki. Da rana yana asibiti da aji, da dare yana ɗakin gawa ko yana rubutu.

Kafin mu ga abin da ya ƙara wa ilimi sai mu san inda ilimin ya tsaya. Likitocin dā sun ɗauka cuta tana zuwa ne daga rikicewar ruwayen jiki, jini da majina da matsarmama. A 1761 wani dattijon malami a birnin Paduwa ta ƙasar Italiya, Morgagni, ya buga babban littafi inda ya nuna cewa kowace cuta tana da mazauni a wata gaɓa, ko huhu, ko zuciya, ko hanta, in an buɗe gawa kuwa za a ga ɓarnar a wurin. Sa'an nan a 1798 wani likitan Faris, Pinel, ya lura da wani abu. Tantanin da ya lulluɓe huhu, da wanda ya lulluɓe hanji, ko da ya ke wurarensu dabam ne, in suka kumbura iri ɗaya su ke kumbura, alamunsu kuma su yi kama. Bisha ya kama wannan magana bai sake ta ba. Ya ga cewa in haka ne, ashe gaɓa ba abu ɗaya ba ce, haɗi ce ta kayayyaki dabam dabam, kuma kayan nan su ne a ke maimaitawa a sauran gaɓoɓi. Ya shiga bin tantanin jiki ɗaya ɗaya, ya kasa su manyan iri uku: mai yauƙi, irin na cikin baki da hanci da hanji, mai santsi da ɗan ruwa, irin wanda ya naɗe huhu da zuciya da kayan ciki, da mai tauri, irin wanda ya naɗe ƙashi da tsoka. Wannan shi ne littafinsa na fari na kansa, a kan tantani.

Abin da zai ba mu mamaki shi ne kayan aikinsa. Ba su wuce wuƙa, da tukunya, da ruwa, da 'yan magunguna masu cin abu ba. Ya kan yanko yanki daga gaɓa ya dafa shi, wani ya shanya, wani ya jiƙa shi kwana da kwanaki, wani ya bar shi ya ruɓe, wani ya zuba masa ruwan tsami mai ƙarfi ko na toka, sa'an nan ya rubuta abin da ya faru da kowanne. In yanki biyu daga wurare dabam suka yi hali ɗaya cikin dukan gwaje-gwajen nan, ya san iri ɗaya ne. Uwayenmu mata sun san rabin wannan ilimi a bakin murhu. Sun san tsoka in ta sha wuta ta kan taƙure ta yi tauri tukuna, amma ganda da ƙafar saniya in sun daɗe a wuta sai su yi laushi su narke, romon kuma in ya huce ya daskare ya yi danƙo. Majeman Kano da na Sakkwato su ma sun sani, gama in sun kankare gashi da nama daga fatar akuya, abin da ya rage su jeme shi da bagaruwa, ba wani abu ba ne sai wannan zaruruwa masu riƙe jiki. Bambancin Bisha da su shi ne ya rubuta, ya kwatanta, ya kuma tambayi dalili.

Da wannan hanya ya ƙidaya iri 21 na kayan da aka gina jiki da su, ya bayyana su cikin babban littafinsa mai juzu'i huɗu wanda ya fita a 1801. Sunan da ya yi amfani da shi a Faransanci ma'anarsa saƙa, kamar ta masaƙi, har yau kuwa shi a ke amfani da shi a Turance. Cikin 21 ɗin akwai ƙashi, da ɓargo, da guringuntsi, da fata, da gashi, da tsoka iri biyu. Abin da mu ke tarawa mu kira jijiya da Hausa shi ya rarraba shi, gama jijiyar da ke kai jini dabam, wadda ke komo da shi dabam, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa dabam, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara ita ma dabam. Amma wadda ya sa a farkon lissafinsa ita ce wata saƙa mai laushi, fara, mai ƙananan ramuka kamar soso, wadda ya nuna ta bi jiki duka, tana ƙarƙashin fata, tana tsakanin tsoka da tsoka, ta kuma kutsa har cikin gaɓoɓi ta riƙe su. Waɗansu masana kafin shi, kamar Haller da Bordeu, sun yi magana a kanta, amma Bisha ne ya ba ta matsayinta cikin tsari guda tare da sauran.

Wanda ya ke so ya ga gaskiyar wannan magana ya tsaya kusa da mai fiɗar rago ran Babbar Salla. Zai ga an ɗan tsaga fata a ƙafar baya an hura iska, rago ya kumbura tun daga cinya har wuya, sa'an nan fata ta ɗayu da sauƙi. Ta ina iskar nan ta bi? Ta cikin ramukan saƙar nan ta bi, domin a haɗe su ke tun daga wannan gefe har wancan. Haka kuma in ƙafafun mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda suka kumbura, har in an danna da yatsa ya lotsa, a cikin ramukan nan ne ruwa ya taru.

Amfanin wannan bincike ga majinyaci mai girma ne. Dā likita kan ce zuciya ta kumbura, shi ke nan. Bayan Bisha sai a tambaya, wane sashe nata, jakar da ta naɗe ta, ko tsokarta, ko tantanin cikinta? Gama kowanne yana da alamunsa da yadda ya ke ƙarewa. Ya kuma rubuta wani littafi a kan rai da mutuwa, wanda ya fita a 1800, inda ya bayyana rai da cewa taron ayyukan jiki ne da ke tsayayya da mutuwa. A ciki ya bi yadda zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suka dogara da juna, in ɗaya ta tsaya ta yaya sauran biyun ke bin ta. Ya yi ta nanata wa ɗalibansa cewa zama a gefen gadon majinyaci shekara da shekaru ana rubuta alamu ba zai wadatar ba, sai an duba cikin jiki an ga inda cutar ta zauna. Mu ma muna da karin maganar, gani ya kori ji.

Yana da shekara 29 aka naɗa shi likita a asibitin Otel-Diye. Sai aiki ya ƙaru a kan aiki. An ba da labari cewa cikin abin da bai kai wata 6 ba ya buɗe gawa fiye da 600, a ɗakuna marasa iska, a zamanin da ba a san ƙwayoyin cuta ba, balle safar hannu. Yana cikin wannan yana rubuta wani littafin mai juzu'i biyar, yana kuma gwada magunguna ɗaya ɗaya don ya ga aikin kowanne. Jikinsa ya fara gazawa, bai huta ba. Ran 8 ga Yuli, 1802, bayan ya daɗe yana duba waɗansu fatu da ya jiƙa, masu ɗoyi ƙwarai, ya faɗi a kan matakalar asibitin yana saukowa. Zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya kwanta mako biyu, ran 22 ga Yuli ya rasu yana da shekara 30, ƙasa da shekara biyu kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. Littafin da ya bari bai ƙare ba ɗalibansa biyu, Buisson da Roux, suka ƙarasa, kamar yadda shi ya yi wa Deso. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Likita Corvisart, wanda ya yi jinyarsa, ya rubuta wa Nafoliyon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya sanar da shi irin hasarar da aka yi. Nafoliyon ya ba da umurni a kafa abin tunawa a asibitin, da sunan Deso da na Bisha tare. A 1845 aka mai da ƙasusuwansa babbar maƙabartar Père Lachaise. Akwai asibiti a Faris mai sunansa, sunansa kuma yana cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Ifel. Har ɗan kitsen nan da ke cikin kumatu, wanda ya sa kumatun jarirai su ke cika, likitoci da sunansa su ke kiransa.

Sai dai akwai inda ya kuskure, bai kamata a ɓoye ba. Bisha bai yarda da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa ba. Madubin zamaninsa ba su da kyau, su kan nuna launuka da siffofin da babu su, sabo da haka ya ga kowa zai ga abin da ransa ke so ne a ciki. Ya ajiye shi gefe, ya tsaya kan abin da ido ke gani. Wannan ya hana shi sanin cewa saƙar ma da ƙananan ƙwayoyi aka yi ta. Da aka gyara madubin, Jamusawa biyu, Schleiden a 1838 da Schwann a 1839, suka nuna tsiro da dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1858 wani Bajamushen, Virchow, ya kai mazaunin cuta har cikin ƙwayar. Iri 21 na Bisha aka tattara su suka koma manya huɗu waɗanda mu ke koya yau: saƙa mai lulluɓe, saƙa mai haɗawa, tsoka, da jijiyar saƙo. Sunan saƙa mai haɗawa wani malami Bajamushe, Johannes Müller, ya raɗa shi a 1830. Kalmar sitiroma kuma ba Bisha ya kawo ta ba, bayansa ta shiga bakin likitoci, amma a kan harsashinsa aka ɗora ta.

Yau an san zaruruwan nan yawanci da wani abu mai suna kolajin aka yi su, sunan kuwa daga kalmar Helenanci mai nufin danƙo ya fito, abin nan dai da ke daskarar da romon ƙafar saniya. Shi ne wajen kashi 30 cikin 100 na dukan furotin da ke jikin mutum. An kuma gane cewa shimfiɗar nan ba kwance kawai ta ke ba, tana iya gyara, tana iya ɓatawa. Gilashin nan na gaban ido wajen kashi 90 cikin 100 na kaurinsa sitiroma ce, zaruruwanta a jere su ke daidai wa daida, shi ya sa haske ke ratsawa. In ƙyanda ko rauni ya ɓata jerin sai wurin ya yi fari, abin da mu ke kira hakiya. In rauni ya warke da ita a ke yin tabo, in kuwa ta wuce iyaka sai tabon ya tashi ya yi tudu, kamar yadda a kan gani a kunnen waɗansu bayan huda. A hanta, in giya ko ciwon hanta mai lamba B ya daɗe yana kashe ƙwayoyin aiki, sai shimfiɗar ta yi ta yawa tana cike gurbinsu, har hantar ta taurare ta ƙanƙance, ciki ya cika da ruwa. Wannan ciwo yana da yawa a ƙasarmu, tun 2004 kuwa allurar rigakafinsa ta shiga cikin alluran da a ke yi wa jarirai a Nijeriya, ta fari ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa.

Har a ciwon daji tana da hannu. A 1889 wani likitan Landan, Stephen Paget, ya duba takardun mata 735 da ciwon dajin nono ya kashe, ya ga cutar ba ko'ina ta ke yaɗuwa ba, tana da gaɓoɓin da ta fi zaɓa. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa, gama iri ba ya tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe shi. Masu bincike na yanzu suna duban sitiroma a matsayin babban sashe na ƙasar nan. A 2008 kuma waɗansu masana a jami'ar Minesota ta Amurka suka wanke zuciyar ɓera da wani ruwa mai kama da sabulu har ƙwayoyinta duka suka fita, ya rage farar shimfiɗar kaɗai, da siffar zuciya sosai. Suka zuba mata sababbin ƙwayoyi, cikin 'yan kwanaki ta soma motsi kaɗan kaɗan. Masu ilimin tsiro su ma sun ari kalmar, suna kiran ruwan da ke cikin koren ƙwayoyin ganye, inda a ke haɗa sukari, da wannan suna. Sai ɗalibi ya lura kada ya haɗa biyun a jarrabawa.

To, mene ne namu a cikin wannan labari, mu da za a ba aji gobe? Na fari, rashin kayan aiki ba hujjar koyar da ilimin halitta da alli kaɗai ba ne. Yawancin makarantun da za a tura mu ba su da madubin likita, amma kasuwa tana kusa. Lokacin da na yi gwajin koyarwa na kai wa yara lemo ɗaya, da busasshen soso, da ɗan yankin tsoka mai tantani. Muka ɓare lemon, muka raba ƙananan jakunkunan ruwan da farin zaren da ke riƙe da su, na ce musu misali ne kawai na ma'aikata da shimfiɗarsu. Da muka zo kan naman, wani yaro ɗan mahauta ya nuna wa ajin inda tantani ya rabu da tsoka, da inda ya nutsa cikinta, ya kuma faɗi sunayen sassa da Hausa waɗanda ba su cikin littafinmu. Yaron nan ba ya cikin masu ɗaga hannu a sauran darussa. Irinsa suna nan a kowane aji na Agege, 'ya'yan mahauta da na wanzamai da na maɗora, sun zo da ilimin da suka gani da ido, in malami bai tambaye su ba za su ɗauka abin gidansu ba ilimi ba ne.

Na biyu, kada son abin da mu ka saba da shi ya sa mu ƙi sabon abu, kamar yadda Bisha ya ƙi madubi. In an sami na'ura a yi amfani da ita, in babu a yi da wuƙa da tukunya. Na uku, mu riƙa ba kowane yaro zarafin tsayawa ya faɗi abin da ya fahimta daga darasin jiya, gama da Deso ba shi da wannan al'ada da wataƙila Bisha ya ƙare kwanakinsa ba a san shi ba. Na huɗu kuwa ya shafi lafiyarmu da ta yaran. Mutumin da ya san jiki fiye da kowa a zamaninsa bai ji tausayin nasa ba, ya tafi da aikin da ba a san iyakarsa ba. Malami kuma shi ne wanda iyaye ke jin maganarsa a unguwa, in ya gaya musu su kai jariri allurar ciwon hanta da ta ƙyanda, ya kuma iya bayyana musu abin da cututtukan nan ke yi wa hanta da ido, za su fi saurarawa.

Ina roƙon 'yan'uwa waɗanda suka fito daga gidajen fawa da jima da ɗori su rubuto wa wannan mujalla sunayen Hausa da suka sani na tantani da jijiyoyi da sauran sassan jiki, kowa da yadda a ke faɗi a garinsu, ko Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zariya. In muka tara su muka daidaita, waɗanda za su biyo bayanmu za su sami abin koyar da wannan darasi da harshen da yara ke ji. A nan zan dakata, Allah ya ba mu sa'ar karatu.